Rabin Cokalin Gishiri

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Kwana biyar ke nan babu motar da ta hauro nan. Wasu sun ce dutse ne ya zubo a kan hanya, can wajen babbar kwana. Wasu sun ce ba dutse kaɗai ba ne. Ni ban je na gani ba, kuma wannan ba irin abin da ake rubutawa ba ne.

Jikata Yurani ta zo mana hutun kwana uku daga jami'a, ga shi ta maƙale. Ita ta ba ni wannan littafi, wai in riƙa zuba surutuna a ciki ko kunnenta ya huta. Ajina uku a makaranta, duk wanda ya ga harafi ya karkace sai ya miƙe shi da kansa.

Tana da jarrabawa in hanya ta buɗe. Littafinta ya kai kaurin bulo. Yau ina zuba ruwan tumbi a madara don in haɗa cuku, ta biyo ni madafa da shi a ƙirji.

"Kaka, kin san abin da ke cikin kwalbar nan?"

"Tumbin ɗan maraƙi. Tun kafin a haifi uwarki nake jiƙa shi."

"Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ma'aikata a ciki, ido ba ya ganinsu. Su ke sa madara ta kama. Su tsinke nan, su wuce gaba su tsinke can, su kuwa ba sa ƙarewa."

Na ce, "Ashe maƙwabciyata Leonilde aka sa a kwalba. Aure tara ta haɗa, ta raba huɗu, tana nan yadda take."

Yurani ta ce sanyi na sa su kasala, zafi mai yawa na kashe su. Na ce gwiwar hannuna ta san wannan ba tare da an kai ta jami'a ba.

Mijina Nicanor yana baranda da bargo a kafaɗa, yana jinmu. Ya ɗaga murya ya tsokani Yurani, "Likita, duba mini ko akwai ɗan ma'aikacin da ke sa mace ta yi shiru."

Na ce, "Akwai, shi na aura. Bai yi aiki ba."

Cuku iri biyu nake yi: na kasuwa mai gishiri, na tsoho lami. Shekara goma sha ɗaya ke nan ƙwayar gishiri ba ta hau harshensa ba. Gwangwanin yana cikin kabad, mabuɗin yana wuyana tare da gicciye.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Famfo ya ɗauke tun jiya. Wuta ma. Yurani ke ɗebo mana ruwa daga rafin ƙasan gonar kofi. Hazo ya sauko har cikin tsakar gida, kaji suna yawo a ciki kamar a saman gajimare suke.

Ta karanta mini cewa jikin mutum ɗakuna ne, ƙanana, ba su ƙirguwa. Kowane ɗaki da bangonsa na tantani, kowane bango da ƙofofi, kowace ƙofa da mai tsaronta. A cikin ɗakin kuma akwai 'yan murhu da ke ƙone sukari dare da rana, da wannan wutar muke ɗaga hannu, muke tuna sunan mutum.

Bayan abincin rana na kishingiɗa, sai ga ni a cikin Nicanor. Gari ne guda a kan tudu, irin namu, gidaje a jere har sama, hayaƙi na tashi daga kowane rufi. Ina tafe da kwando ina gaisawa. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa, ɗan ƙaramin Nicanor ne ke leƙowa da hular kabarsa, ya ce, "Me kika kawo?" Dubu nawa ne, duk da gashin baki ɗaya. Na farka ina dariya. Guda ɗaya ma ya ishe ni.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da tsakar rana

Cikin tsoho ya ɓaci. Ya ce girkina ne. Na ce shekara hamsin da biyu yana cin girkin nan, sai yau cikinsa ya samu bakin magana.

Shekaranjiya na gan shi ya sha daga bokitin rafi kafin a tafasa. Na dafa masa ganyen gwaiba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Sau tara ya zaga bayan gida. Ganyen gwaiba bai ce komai ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Fada bai samu haurowa ba, babu coci. Mun ja carbi a gefen gadon tsoho, yana gyara mana inda muka tsallake.

Yurani ta zaunar da ni a madafa, ta yi fuskar manya.

"Kaka, ruwan jikinsa ke tafiya. Ma'aikaciyar jinya tana can ƙasa, bayan inda hanya ta rufe. Mu za mu yi. Ruwa tafasasshe lita ɗaya, gurzajjiyar mazarƙwaila cokalin shayi shida, gishiri rabin cokali. Ya riƙa kurɓa yini guda, ko ba ya so."

"Gishiri kika ce?"

"Rabin cokali kawai. A bangon hanji akwai wata ƙofa, ba ta buɗe wa sukari shi kaɗai, ba ta buɗe wa gishiri shi kaɗai. Sai sun zo tare."

"Kamar ɗakin rawa na zamaninmu. In babu namiji a hannunki, ki tsaya waje ki ji kiɗa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin ji dai, Kaka?"

Na ce na ji. Na ce ta je ta ji da wankin zannuwa da ɗebo ruwa, madafa tawa ce.

Ni mai cuku ce. Na san abin da gishiri yake yi. In barbaɗa shi a kan cuku da safe, kafin rana ta yi tsaka cukun ya yi kuka ya cika faranti. In shafa shi a nama, nama ya bushe ya zama takalmi. Wannan ba a littafi na gani ba.

Na haɗa masa. Ya sha kofi uku.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na ƙara mazarƙwaila, cokali goma sha biyu, don 'yan murhun nan su samu abin ƙonawa. Yurani ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce zaƙin ya yi yawa, zaƙi mai yawa shi ma ruwa yake janyowa daga jiki. Na rage zuwa shida.

Ta sake tambayata maganar gishirin. Na ba ta amsa.

Ta hau kan tudu da wayarta tana neman layi, ta dawo da wayar da taɓo.

Talata, 14 ga Oktoba, da sassafe

Bai yi fitsari ba tun jiya da hantsi.

Talata, dab da faɗuwar rana

Yurani ta mintsini fatar hannunsa, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda. Idonsa ya koma ciki. Ƙafarsa mai lafiya tana ɗaurewa, sai mun murza. Duk da haka ya ce da ita, "Likita, in kin gama mintsinina ki mintsini kakarki, ita ta fi nama."

Na same ta a bayan ɗakin kaji, littafin a buɗe a cinyarta, ba karatu take yi ba.

"Ya kamata a ce ya fara tsayawa, Kaka. Haka aka rubuta. Mun yi duk yadda aka ce."

Na ce, "Jiki ba ya karatu, 'yar nan."

Ban ji daɗin bakina ba.

Wata Lahadi ce, waccan, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na soya masa naman da na shanya da gishiri, wanda ya fi so, da wainar masara. Yana ba ni labarin alfadarin da ya cije shi, cokali ya faɗi. Na ce ya daina wasa. Bakinsa ya zame gefe guda yana kallona. Maza huɗu suka sauke shi a kan ƙyauren ɗaki. Likitan can ya cire tabarau ya ce, "Mama, hawan jini ne. In ya sake, ba za ki mai da shi gida ba. Gishiri a hannunki yake."

A hannuna yake.

Laraba, 15 ga Oktoba, da tsakar rana

Leonilde ta zo da ƙwai shida da labari goma. Ta ce maza sun je sun duba, babu ta inda za a bi da mutum a kwance. Ta ce an ji abin da aka ji a wajen gada, ta rage murya, ni kuma na ƙara wuta a murhu don kada in ji.

Ta leƙa tsoho ta ce, "Nicanor, ka rame ka yi kyau. Da haka kake a dā, da ban bar wa matar nan taka Herminda ba."

Ya ce, "Har yanzu da sauran lokaci." Muryar kamar daga cikin tulu.

Da ta fito ta kama hannuna ta matse, ba ta ce komai ba. Leonilde ce ba ta ce komai ba.

Na yi gyangyaɗi a kujera, na koma garin nan na cikinsa. Hazo ya rufe tudun. Ina kallo hayaƙin gidajen yana ɗaukewa, ɗaya a nan, ɗaya a can, kamar tudun da ke fuskantarmu shekarar da mutane suka yi ta tashi. Ruwa na gudu a tsakiyar titi, mai yawa, mai kyau, yana wuce ƙofofi bai shiga ko ɗaya ba. 'Yan Nicanor suna zaune a bakin taga suna kallonsa.

Yurani ta ce gobe da asuba za ta bi ta hanyar alfadarai ta kan dutse, ta sauka gari ta nemo taimako. Tafiyar awa bakwai ce, kuma ta wajen gada take ɓullewa. Na ce ba za ta je ba. Ta ce ba tambayata take yi ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Wannan dole in rubuta.

Yurani ta tafi rafi. Na shiga da kofi, na tallafo kansa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya ce in rufe ƙofa.

"Herminda."

"Sha dai, ka bar surutu."

"Babu gishiri a ciki."

"Zaƙi ne ya danne."

"Tsohuwa, shekara goma sha ɗaya nake jira. In Leonilde ta buɗe gwangwaninta a can gidanta, ina ji daga nan. Tun Lahadi na sani."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Na ce ko kin san abin da kike yi. Kullum kin sani." Ya huta, ya lashi leɓe. "Ni ban damu ba, ko ta nan ko ta can. Amma yarinyar nan tana tsammanin littafinta ne ya yi ƙarya. Gobe kuma za ta bi ta gada."

Na ce, "In na ba ka, bakinka ya sake karkacewa fa?"

"Sai ki samu na gefe biyu daidai."

Na fita tsakar gida na tsaya. Yurani ta shigo da bokiti biyu, na ce ta ajiye. Na gaya mata a tsaye, a gaban kaji.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini. Ta kalle ni kamar an canza mata kaka a hanya.

"Kwana huɗu, Kaka?"

"Gishiri jan ruwa yake yi. Na gani da idona a cuku, na gani a nama. Mutum yana bushewa, ki ce in sa masa abin busarwa?"

Ta kama hannuna ta ja ni madafa, wajen cukun da na barbaɗa da safe. Ruwa ya taru a faranti.

"Ina kika sa gishirin?"

"A waje, a bayansa."

"Ina ruwan ya tafi?"

"Waje."

"To ruwa bin gishiri yake yi, Kaka. Duk inda ya je. In gishirin ya tsaya a waje, ruwa ya fito. In ya shige ciki ta ƙofar nan, shi da sukari, ruwa ya bi shi ciki. Kuma nasa gishirin na jiki duk ya zube a bokiti. Ba ƙari za mu yi masa ba, mayarwa za mu yi."

Shekara sittin ina kallon farantin nan, ban taɓa tambayar kaina ko ruwan gudu yake yi ko bi yake yi ba.

Na ce, "Jinin fa?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ban kai wannan shafin ba. Amma wancan wataƙila ne, wannan kuwa yana gabanmu."

Na cire mabuɗin daga wuya. Igiyar ta harɗe da ta gicciye, sai da muka yi ta warwara mu biyu. Na miƙa mata, ta ce a'a, ni zan auna. Na ɗebo rabin cokali, ta share kan da wuƙa. Ɗan abu ne, bai kai abin da nake zuba wa cuku ɗaya ba.

Ya kurɓa ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba, har na taɓa shi.

Ya ce, "Ki bar ni, ina da baƙo."

Alhamis, 16 ga Oktoba, da hantsi

Cokali ɗaya, a jira, cokali ɗaya. Ya yi amai sau ɗaya, muka jira, muka ci gaba. Yurani ba ta tafi ba. Ba ta kuma yi mini magana ba, sai "miƙo" da "riƙe".

Ina kallon bakinsa. Duk kurɓa ina kallon bakinsa.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ina kallon bakinsa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da sassafe

Ya ce a kawo tasa, a fita. Muka tsaya a bayan ƙofa ni da Yurani kamar masu gulma. Shiru. Zakara ya yi cara, na so in murɗe masa wuya. Sai muka ji, ɗis, ɗis, sannan ya zarce a kan ƙarfen tasar.

An yi mini kiɗa da garaya a ƙarƙashin taga ina budurwa, bai kai wannan ba.

Daga ciki ya ce, "Na san kuna nan. Ba ku da kunya, daga babbar har ƙaramar."

Yurani ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da riga.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Sau biyu kawai yau. Ya ci dafaffiyar ayaba da romon kaza. Fatarsa ta fara komawa in an mintsina, shi ma ya fara ramawa.

Yurani tana karatu a baranda, a zuci. Dā a bayyane take yi don in ji. Na kai mata kofi da cuku, ta ce ta gode, kamar a kanti.

Talata, 21 ga Oktoba, da tsakar rana

Na zauna kusa da ita ina ɓare wake. Na ce ko malamanta suna tambayar ƙofar nan a jarrabawa. Ta ce suna yi. Na ce ta rubuta musu cewa an gwada a kan wani tsoho mai taurin kai, da gishiri da kuma babu, sakamakon yana wajen kakarta.

Ta ce, "Ba abin dariya ba ne, Kaka. Da Baba Tsoho ya mutu, da har abada zan ce ni ce."

Na ce, "Na sani."

"Da kin gaya mini kina tsoro."

"A gidan nan ba ni ke tsoro ba. Ni ce mai mabuɗi."

Ta ɗebi wake daga cinyata ta fara ɓarewa. Can ta ce, "Akwai wani famfo a bangon kowane ɗaki, yana fitar da gishiri uku ya shigo da wani abu biyu. Kina so ki ji, ko kin gaji?"

Na ce famfo ko na littafi ne ina so, namu ya ƙi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ma'aikaciyar jinya ta hauro a kan alfadari, taɓo har kunne. Hanya ba ta buɗe wa mota ba tukuna, amma ana wucewa da ƙafa, kuma an ce wajen gada ya yi shiru. Ta ɗaura wa tsoho abin awo a dantse, ta matsa, ta saurara. Na fita ban iya tsayawa ba. Na ƙirga kajina sau biyu.

Ta kira ni ta ce jinin lafiya. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce cikin ya tsaya, a daina ruwan gishiri daga yau, a koma yadda ake. Ta ce duk wanda ya haɗa ruwan nan ya yi daidai. Ni da Yurani muka kalli bango.

Yurani ta bi ta sun sauka tare, da bulonta a baya. A bakin shinge ta sumbaci goshina ta ce, "Ki ci gaba da rubutu, amma gaskiya." Na ce ta wuce kada alfadari ya gaji da jira.

Asabar, 25 ga Oktoba, da hantsi

Gidan ya yi faɗi. Hazo ya tashi, ana ganin tudun can da hayaƙinsa.

Na kai wa tsoho wainar masara da cukunsa lami a baranda. Ya kalli farantin, ya kalle ni, ya dafe ciki da hannunsa mai lafiya.

"Herminda, ina jin abin nan yana so ya dawo."

"Allah?"

"Yana juyawa. Ina ga a haɗa ruwan nan, kada a makara."

"Sau nawa ka fita yau?"

"Ban fita ba tukuna. Amma ina ji a jikina."

Na ce bari in dafa ganyen gwaiba, tukunya guda. Ya ce a'a, kamar ya lafa.

Ya cinye wainar tas, ya suɗe yatsa, ya ce babu ɗanɗano, a ƙaro biyu.